Zaren Gilashin Baba Barnaba

Mahaifina Barnaba shi ne mai gyaran wayar tarho a Maƙarfi, zamanin da layi ɗaya tak ya haɗa mu da Zariya. In mutum ɗaya ya hau, sai kowa ya zauna a benci yana tsaki, ko da uwarsa ce kwance a asibiti. Ina kewar bencin nan, da fankar da ba ta juyawa, da Baba a saman falwaya yana fito.

Wata shekara, lokacin soja, aka tura shi kwas Kaduna. Ya dawo da wani abu a cikin bututun biro, siriri kamar gashi. Ya ce gilashi ne, kuma wata rana murya za ta bi ta cikinsa ta zama haske. Ba murya ɗaya ba ma: kowa da launinsa, ja na wane, kore na wane, su tafi tare, a can a rarrabe su. Ba sauran zaman benci.

Amininsa Ɗanliti mai rake ya yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Ya tambaya ko muryar surukarsa wane launi za a ba ta. Baba kuwa bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, abin ya ci masa rai. Ranar kasuwa ya rufe tagar shagon tela, ya naɗe fitilun hannu uku da ledar alewa mai launi daban-daban, ya haska su cikin bututun ruwa. Me ya fito a bango? Wani dishi-dishi mara suna. Daga ranar ya zama Barnaba Bakan Gizo, kuma ni na sha dambe a makaranta saboda sunan nan.

Sai tsuke bakin aljihu ya zo. Aka rage ma'aikata, har da shi. Ɓarayi suka kwashe wayar tagullar, ya koma noman masara a Gazara. Duk da haka kullum da yamma yana kan tabarmar Ɗanliti, suna shan rake suna musu. Ɗanliti ya ce ranar da ya ga abin da idonsa, zai ba shi rake dami guda kyauta.

Shekaru ashirin da wani abu suka wuce kafin masu haƙa rami su biyo gefen titi da baƙar igiya mai zaren gilashi a ciki. Lokacin yanar ido ta hana Baba gani. Na ja hannunsa muka je. Injiniyar, wata yarinya Ummuhani, ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce haka yake, ko tsakanin ofis da ofis haka suke yi yanzu, sai dai ido ba ya ganin launukan. Ta yanko masa guntu ta sa a tafinsa.

Na zaci zai yi murna. Ni dai so nake in tara garin kaf in yi musu gori. Ya daɗe yana murza abin da yatsa.

"Filomina," ya ce mini, "kai ni gidan Ɗanliti."

Na tuna masa cewa bara muka je jana'izarsa.

"Na sani. Matarsa Luba tana nan ai. Sai ta ajiye masa guntun nan a ɗakinsa."