Mama Afiniki, Ungozomar Ƙofar Guga

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina cikin koyar da 'yan aji huɗu aka ce ana sallama da ni. Hajiya Binta ce, maƙwabciyarmu. Da azumi a bakinta ta tako cikin rana tun daga Ƙofar Guga, don ba ta so in ji a waya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sai haƙuri, Tabita. Mama ta cika."

Mama Afiniki, shekara saba'in da tara kika yi a duniya, fiye da rabinsu kina karɓar haihuwa. A unguwarmu akwai magidanta masu furfura da a hannunki suka yi kukan farko. Ba ki taɓa tambayar mai naƙuda ko masallaci take zuwa ko coci ba. Wasu za su ba da wannan labarin fiye da ni. Nawa ɗaya ne.

Shekara biyar ke nan da mijina Yunana ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, ina da cikin wata bakwai. Dangina suka zo daga Kafur, suka yi mako guda, suka koma gona. Na rufe ɗaki, na daina zuwa sujada. Ba mu haɗa jini da ke ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu a Zumuntar Mata ta coci, amma kowace safiya sai ga ki da kunun gyaɗa, ki zauna bakin gado ko da ban tanka miki ba.

Wata rana na kasa daurewa. Na ce miki kullum sai mun durƙusa mun roƙi Allah ya tsare Yunana a hanya, to ina tsaron? Na zaci za ki tsawata mini. Sai kika gaya mini cewa kin binne miji da 'ya'ya biyu, kuma ke ma kin yi wannan tambayar.

Kika ce, "Ɗiyata, ban san dalilin da ya sa ya ɗauki Yunana ba, ba zan yi maki ƙarya ba. Abin da na sani, bai bar ki ke kaɗai ba. Tashi ki sha kunu."

Bayan mako uku kika shigo da gyalen fita unguwa, kika dubi ƙafafuna da suka kumbura, kika tambaye ni tun yaushe kaina ke ciwo. Na ce ba komai. Ba ki saurare ni ba, kika tare keke napep, sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara yini guda, jijjiga za ta tafi da mu biyun. A ranar aka yi mini aiki aka ciro takwararki.

Da na yi miki godiya, kika ce ba ke ba ce. Ran nan bikin suna za ki je Batagarawa, har kin kai tasha zuciyarki ta ƙi kwanciya. Ubangiji ne ya juyo da ke. Daga wannan rana na koma yin addu'a.

Yanzu gidan ya yi mini faɗi, Mama. Ranar Lahadi mu biyu muke tafiya coci, yarinyar na tambayata me ya sa ba mu biya miki ba. Idan na taso daga makaranta ƙafata kan nufi ƙofarki, sai na ga kwaɗo in tuna. Ba ni da wanda zan kai wa damuwata ya saurare ni har in gama. Amma ba zan sake rufe ɗaki ba. Wanda ya aiko ki bai gaji da mu ba.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da ɗanki Babaji da jikokinki, da matan Zumunta, da maƙwabtanmu Musulmi da suka tsaya cikin rana har aka rufe ki. Ya ba mu haƙurin rashinki. Sai mun sadu a ƙafafun Yesu.

Tabita Yunana
Ƙofar Guga, Katsina