Ƙofar da Take Rufewa Ranar Juma'a

Babanmu bai taɓa kiran sunan yayarmu ba. 'Yar fari ce, shi kuwa mutumin da ne, ya yi shekaru yana aikin malamin dabbobi a cikin Fulani har kunyarsu ta zauna masa a jiki. In ya zama dole ya ambace ta, sai ya ce "waccan". Da ta bi mijinta Jidda ta kama aikin jinya, waccan ɗin ta ƙara nisa. In ta bugo waya na miƙa masa, zai ce lafiya lau, ya ce madalla, ya mayar mini da wayar kamar ta ɗauki zafi. Kiran bidiyo kuwa sau ɗaya muka gwada. Ya ƙura wa bango ido har ta gaji ta kashe.

Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura, Yaya ta ce ita fa ta daina yarda da "da sauƙi" ɗinmu. Tana so ta gani da idonta yadda yake zama da yadda yake tashi, ga shi hutunta sai bayan aikin Hajji, wata bakwai nan gaba. Ta aiko da 'yar kyamara ta hannun wani mai dawowa daga Umara, ta ce in kafa a zaurenmu na Kusada, inda Baba yake wuni. A lokacin ina buga takardu da kwamfuta a sakatariyar Kankia, kuma a gidanmu wannan ya isa a ɗauke ni injiniya. Ni ma ban musa ba. Da na gaya wa Baba abin da za a maƙala masa a bango da wadda za ta riƙa gani, bai ko ɗago kai ba. "Ku kuka sani," ya ce.

Muka jawo intanet daga wani kamfani, suka kafa eriya a kan dogon ƙarfe, suka ajiye modem ɗinsu, akwatin da yake karɓo intanet daga eriyar. Na haɗa shi da rauta mai arha da na sayo a Katsina, wadda take raba wa gida intanet, duk a kan wutar sola. A cikin gida kyamara ta yi aiki tsaf. Ina fita waje na bar intanet ɗin gida, sai wayata ta ce ba ta san da wata kyamara ba.

Wani ma'aikacin kamfanin ne ya yi mini bayani a waya, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya ce modem da rauta kowanne ya ɗauki kansa mai gadi, kamar gida mai zaure biyu, baƙo ya yi sallama a na farko ba a san inda za a kai shi ba. Sai mu mayar da modem gada kawai, ya daina tambayar kowa, a bar wa rauta gadin. Ya kuma tabbatar mini layinmu yana da adireshin da ake iya samu daga waje. Saura in buɗe ƙofa guda a cikin rauta, abin da suke kira fot fowadin: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a wuce da shi wurin na'ura mai adireshi kaza, wato kyamara. Na yi Asabar da Lahadi ina fama, na rubuta lambobin a bayan wani tsohon kalanda. Ranar Litinin a ofis na buɗe wayata, sai ga zaurenmu, ga buzun Baba, ga wata kaza tana shiga abinta. Na yi ta nuna wa mutanen ofis kazar nan har suka fara guduna.

Ranar Juma'a kaɗai Yaya take samun zama, kuma ranar ce Baba yake daɗewa a zaure bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar farko ta bugo mini ta ce ba komai sai wani abu yana ta juyawa a fuskar wayar. Na duba tawa, haka ne. Asabar na hau babur na tafi Kusada, na kashe komai na kunna, ta dawo. Ta yi kwana shida lafiya. Ranar Juma'a ta sake ɗaukewa.

Haka muka yi Juma'a biyar. Na zargi gadar, na mayar da modem yadda yake, na sake mayar da shi gada. Na canza lambar ƙofar sau uku. Na yi ta buga wa bawan Allahn nan na kamfani waya har ya fara gane lambata, na ce masa tabbas su ne suke rufe layi ranar Juma'a su tafi masallaci. Ya yi dariya ya ce injinsu ba ya sallah. Yaya kuwa ta daina yi mini faɗa, abin da ya fi damuna ke nan. Sai dai ta ce, "Ba komai, auta," a muryar da na san da komai. Na ji kunya, na ji haushin kaina, don na san kumburin nan ba jira yake ba.

Juma'a ta shida na nemi izini a ofis na kama hanya tun da hantsi. Na tarar da zaure ya fara cika. Tsofaffin abokan aikin Baba ne, makiyaya daga rugage, da manoma daga Dudunni, har da wani direba daga Kafin Soli. Sukan yada zango a wurinsa kafin masallaci, kowa da wayarsa a mace. Soket ɗaya ne a zauren. Ina kallo Baba ya miƙa hannu ya zare filogin kyamara, ya soka wata doguwar jona mai baki shida, wayoyi suka hau kamar 'yan awaki a kan akuya. Lambar sirrin intanet ɗin kuwa, wadda na ce a ɓoye, an rubuta ta da gawayi a jikin bango, manya-manya, don kada baƙo ya sha wahalar tambaya.

Nan na gane. Kyamara tana barin layi, rautar nan mai saurin mantuwa sai ta ba wayar wani baƙo adireshinta. In kyamara ta dawo, a ba ta sabo. Ƙofar da na buɗe tana nan a buɗe, sai dai Juma'a biyar Yaya tana ƙwanƙwasa wayar wani Bafulatani.

Na so in yi dariya, amma na bari sai mun dawo daga masallaci. Baƙi suka kwashi wayoyinsu. Baba ya zare jonar, ya mayar da filogin kyamara da hannunsa, ya danna shi sosai. Ya duba agogo. Sannan ya ja buzunsa daga lungun da ya saba zama, ya kawo shi tsakiyar zaure, daidai inda kyamarar take kallo. Ya gyara hula, ya baza babbar rigarsa, ya miƙe ƙafafun nan biyu a fili, ya ci gaba da hira da baƙi kamar ba shi ba. Direban Kafin Soli ya raɗa mini cewa haka yake yi duk mako, su ma ba su san dalili ba.

Dariyar ta tafi. Na durƙusa kusa da shi na gaya masa a hankali cewa duk makonnin nan ba ta ga komai ba.

"Ko sau guda?" ya ce.

"Ko sau guda, Baba."

Ya ja carbi. "To mi kake jira?"

Gyaran bai kai minti goma ba. Na shiga rauta na ɗaure wa kyamara adireshi nata na har abada, wanda ba za a ba kowa ba, na daidaita ƙofar da shi. Na fita ƙofar gida na bugo wa Yaya na ce ta gwada. Sai na ji ta ja numfashi, ta ce ƙafar dama ta fi kumbura, a ɗora masa ita a kan matashi.

Na leƙa zaure na gyaɗa masa kai. Bai dubi kyamarar ba. Ya ɗaga hannu kamar zai gyara hula, hannun ya tsaya a sama, tafin yana kallon bango, ya daɗe a haka. Sannan ya ce da ni, idonsa a kan direba, "Hwaɗa ma waccan ina shan maganin."

Juma'a goma sha ɗaya ta samu tana ganinsa. Hutun nata ya zo bayan an yi sadakar arba'in. Yanzu kowa yana kiran bidiyo, an canza eriya, kyamarar ma ta mutu tuni. Rautar tana cikin akwatina a Kankia. Na taɓa kunna ta don in ba wani maƙwabci, na shiga in goge abin da ke ciki, sai na ga layin nan guda, lambar ƙofa da adireshi, da sunan da na sa masa ranar. Na rubuta "waccan". Na kashe ta na mayar akwati, na ce wa maƙwabcin ta lalace.