Sakatar Labo a Bindigar Hambali

A Agiye babu wanda bai san Labo tsohon soja ba, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama da shi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai gonar gero ɗaya da wani kakin soja da ya koɗe. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa ake cewa yaƙi ya taɓa shi: in ya ga gardi, wato ɗan sandan gwamnati, rataye da bindiga, sai ya bi shi yana roƙo a bar shi ya duba ta.

Labo bai yi lakol ba, wato makarantar boko, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma miƙa masa bindigar soja ka sha mamaki. Zai shafa tambarin maƙera da yatsa ya gaya maka ko tsohuwa ce ta yaƙin Jamus ko ta bayanta. Ya san inda ake buga lamba: a jikin ƙarfen, a ƙota, sannan a kan sakata, wato ƙarfen da ake ja da hannu a ɗora harsashi. Ka'ida ita ce lambobin su zo ɗaya, domin kowace sakata da bindigar da aka gyara ta dominta.

Mutane sun ɗauka gwaninta yake nunawa. Ina! Bindiga ɗaya tak yake nema.

A yaƙin da Faransawa suka kai su ƙasar Indoshin yana da aboki, Hambali, mutumin Cadawa. Wata safiya suna goge bindigogi a kan tabarma guda, sun zare sakatu sun ajiye, sai abokan gaba suka buɗe wuta. Kowa ya wawuri ta kusa da shi. Da ƙura ta lafa Labo ya duba, ya ga sakatar Hambali ce a bindigarsa. Shi kuwa Hambali har an ɗauke gawarsa a mota.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cin Labo: ko sakatarsa ce ta cije a hannun Hambali? Shekara bakwai yana ɗauke da wannan, bai gaya wa kowa ba. Cadawa ba nisa, amma ko kasuwarta ya daina ci, don tsoron haɗa ido da Gogo, uwar Hambali. Kaɗaici ya ci shi, ya rame, har gaisuwa ta zame masa aiki.

A shekarar 'yancin kai Faransawa suka bar wa gardawa akwatunan tsofaffin bindigogi. Sarzan Baƙo, wanda aka ɗora wa tantance su, ya rasa ta inda zai fara, sai ya aika aka kira Labo. A ƙarƙashin itacen bedi aka shimfiɗa su, masu lamba ɗaya gefe, masu gauraye gefe.

Ana cikin akwati na uku hannun Labo ya tsaya. A ƙotar wata bindiga akwai zane uku da aka yi da bakin wuƙa, irin wanda Hambali ke yi wa cokalinsa da kwanonsa. Ya duba jikin ƙarfen, lambar Hambali. Ya juya sakatar, lambar Labo ce, wadda ya haddace kamar sunan ubansa.

"Baba Labo, lafiya?" in ji sarzan. "Wagga ai gauraye ce, jefa ta can."

"Dakata, ɗana."

Ya kama sakatar. Ya ɗaga, ya ja, ya tura. Ta shige sumul. Ya roƙi harsashi, aka ba shi, ya harba cikin tudun rairayi, ta tashi. Ya sake, ta tashi. Ashe ba ta taɓa cijewa ba.

Ya waiga don ya gaya wa wani, sai ya ga gardawa na hirarsu, ba wanda zai gane. Washegari ya sa kakinsa ya kama hanyar Cadawa a ƙasa.

Ya iske Gogo tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki, ido ya yi rauni, gidan shiru. Ya durƙusa ya faɗi sunansa, ya kwashe labarin sakata da lamba tas ya gaya mata.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Ni ban san sakata ba, ɗan nan," in ji ta. "Tun da aka ce abokinai ya dawo nike share wurin ga. Shekara bakwai ina jiran wanda ya san shi ya zo mu yi zancenai. Mi ya hana ka?"

Ta turo masa ƙwaryar gyaɗar, ya gyara zama ya fara ɓara.