Wasiyyar Rugar Takama

A Bazaga idan aka ce Iliyasu mai rijiya, ba a ƙara bayani. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, yana saran laka yana cika guga ana ja. Tun yana saurayi ya bi wani tsoho mai suna Ado ya koyi gina rijiya da yasarta, har ya zama duk mai lambun albasa daga Konni zuwa Tsarnawa ya san ƙofar gidansa. Magana kuwa ba ta dame shi ba. Mutanen gari kan tsokane shi da cewa ya bar bakinsa a gindin wata rijiya ya manta wacce ce, shi kuma sai ya yi murmushi ya wuce, abin da ke ƙara ba su haushi ke nan.

Maraya ne. Uwarsa ta rasu a jegonsa, cikin wata shekarar yunwa tun zamanin Nasara, ubansa kuma ya bi ta kafin Iliyasu ya yi wayo. Dangi suka riƙe shi, wannan gida rani, wancan gida damina. Shi ya sa da Allah ya ba shi Lailatu ya riƙe ta hannu biyu. 'Yar makiyaya ce, ita ma marainiya, a hannun kawunta Mumuni ta tashi. A kasuwar Illela ya fara ganinta tana sayar da nono, kuma sai da ya sha nonon da ya fi ƙarfin cikinsa, kasuwa bayan kasuwa, kafin ya iya buɗe baki ya tambayi gidansu. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, babbarsu A'ishatu. Da farin tamanin da huɗu ya zo, maza suka watse neman abinci, shi ya tsaya yana ƙara wa rijiyoyi zurfi, ita tana dafa ganye da dusa, suka fita da 'ya'yansu duka a raye. Gidan ba arziki, amma ba a taɓa jin kansu ba.

'Yan shekaru bayan farin nan sai Gwaggo Barira ta dawo. Ƙanwar ubansa ce, an kai ta aure can gaba da Sakkwato tun Iliyasu yana yawo ba wando. Mijinta ya rasu, ta kwaso tsufanta da surutunta ta zo ta zauna wurinsa. Wata rana da la'asar, bayan an shigo da kaka, Lailatu tana ɓarar wake a tsakar gida, Gwaggo ta ga A'ishatu ta wuce da tulu, ta bi ta da ido.

Ta ce, "Iliyasu, ɗiyag ga taka ta girma. Bari in sabke kayan da ubanka ya aza mani tun ban mutu da su ba. Ya bar mani wasiyya in gaya maka, da uwarka tar rasu, Rugar Takama yak kai ka, wajen wata mai goyo, ita tab ba ka nono. Ya ce kak ka yarda, kai ko ɗiyanka, ku yi arme da gidanta."

Hannun Lailatu ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Gwaggo, mi as sunan matar?"

"Halima. Halimar Abdurrahaman."

Lailatu ta ce a hankali, "Ita ta haihe ni. Kuma a Rugar Takama anka haihi yayana."

Kowa ya san hukuncin. Wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu. Gwaggo ta dafe kai tana salati. Ba mugunta ta yi ba. Lokacin da labarin auren ya iske ta a can, ta tambaya 'yar wane ce, aka ce 'yar Mumuni, tunda shi ya riƙe ta shi ya aurar da ita, sai hankalinta ya kwanta.

Washegari Iliyasu ya je wurin liman, Malam Rabilu. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce maganar mace ɗaya da ba ta ga abin da idonta ba ba ta isa ta warware aure ba, amma kuma wasiyyar uba ba abin wasa ba ce. Ya ce su nisanci juna har a samu wanda ya zauna a rugar lokacin. Iliyasu ya koma gida ya ɗauki tabarmarsa ya kai zaure. Lailatu ta riƙa ajiye masa kwanon tuwo a bakin ƙofa ta juya ba ta ɗaga ido ba. Mutumin da ke shiga rami mai zurfin gaske ba ko gezau, ga shi tsoro ya kama shi sosai. Yana tsoron a ce matarsa ƙanwarsa ce, yana tsoron abin da za a kira 'ya'yansa a bayan ido.

To, ina Rugar Takama take? Nan gizo ke saƙa, in ji masu magana, domin ba wanda ya sani. Lailatu ba a can aka haife ta ba, sunan kawai ta ji a bakin uwarta. Kawu Mumuni ya rasu, yayanta ya bi ragowar shanunsa kudu tun lokacin fari, ba labari. Iliyasu ya je buro, ofishin hukuma, a Konni, wani ma'aikaci mai kirki ya shimfiɗa taswira ya bi ta da yatsa har ya gaji, ya ce ba a rubuta rugage, tunda yau suna nan gobe sun tashi. Ya je kasuwar shanu a Illela, tsofaffin makiyaya suka ce sun san Takama, mai rugar, amma sunan ruga mai ita yake bi duk inda ya koma. Wannan ya ce arewa ya san ta, wancan ya ce wajen Malbaza, suka kama gardama da Fulatanci suka manta da shi. A wannan yawo ya yi maganar da ta fi wadda ya yi tun haihuwarsa, kuma kullum haka yake komawa zaure hannu rabbana.

Yana cikin yasar wata rijiya ne tunani ya zo masa. Bukka takan rushe, shinge yakan zama itacen wuta, amma duk inda mutane suka daɗe da dabbobi sun bar rami. Magina rijiya kuwa ba sa sake wa rijiya suna, ko garin ya sake nasa sau nawa, da sunan wanda ya fara sa aka gina ta suke kiranta. Ya fito da laka a jikinsa ya nufi gidan Ado, wanda a lokacin ido ya tafi, sai baki.

Ado ya ce, "Rijiyat Takama? Kai da kanka ka shige ta, sakarai. Ita ta mai jan dutse a gindi, bayan Tsarnawa, inda masu albasa sunka cinye. Yanzu Tungar Lambu suka ce ma wurin."

Iliyasu ya tuna ta sarai. Ya taɓa kwana biyu yana yasarta, ya sha ruwanta, bai san a nan aka raya shi ba.

Ya ɗaura wa jakinsa kura ya kama hanya. Wurin duk ya zama fangalin albasa, manoman baƙi ne, ba wanda ya taɓa jin Takama. Amma suka nuna masa wata bukka ita kaɗai a gefen lambuna, suka ce akwai wata tsohuwa da suka tarar a nan, ta ƙi tashi, suna kiranta Umma. Ya iske ta tana saƙar faifai, 'yar ƙarama, ta bushe kamar kuɓewar rani. 'Yar Takama ce. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunan ubansa da abin da ya kawo shi.

Umma ta ajiye faifan ta dube shi tun daga kai har ƙafa, sai ta kama dariya har da tari.

Ta ce, "Kai na jinjirin Bazaga? Wanda anka kawo bisa jaki cikin tsumma? Ashe ka rayu. Amma ba ka yi tsawo ba."

Ya ce, "Inna, Halima ta ba ni nono?"

Ta ce, "Zamna in gaya maka."

Ta ba shi labari. Kafin a kawo shi, jaririn Halima ya yi ta zawo yana ramewa. Tsofaffin matan ruga suka yi abin da aka saba yi a lokacin, suka tatsi nononta a ludayi suka jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ta mutu, suka yanke cewa nonon ba shi da kyau. Aka shafa mata magani mai ɗaci, aka ɗaure mata ƙirji, aka hana ta shayar da ko nata ɗan. Ana cikin haka uban Iliyasu ya iso da maraya, ya ji akwai mai goyo, ya miƙa wa Halima, ya juya yana hawaye. Ba wanda ya gaya masa gaskiya, domin a ce nonon mace ya ɓaci abin kunya ne da zai bi ta har 'ya'yanta mata. Matan suka rufa mata asiri, suka kama wata jar akuya da ta haihu, suka sa mata jariran biyu.

Umma ta ce, "Ni ka riƙe ƙahwahunta kuna sha. Daga baya ma ba a riƙo, da ta ji kukanku za ta baro kiwo ta taho da gudu. Har ubanka yaz zo yaɗ ɗauke ka, ko ɗigon na Halima bai shiga bakinka ba. Nata bai dawo ba sai haihuwa ta gaba. In uwa kaka nema, akuya ta, kuma mun cinye ta da Sallah."

Iliyasu ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko lokacin fari. Tsohuwa ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya tashi ya ɗebo mata ruwa tunda ya zo.

Ya roƙe ta ta bi shi, ta yarda. Ya shimfiɗa mata harawa a kan kura, suka shiga Bazaga da rana tsaka tana zaune a kai kamar amarya. A gaban Malam Rabilu da Gwaggo Barira da dattawan unguwa ta maimaita maganarta, ba ta rage ba ta ƙara. Malam ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya ce nonon dabba ba ya haramta aure, in da yana haramtawa da duk ƙasar nan 'yan'uwa ne ta wajen saniya. Dattawa suka fashe da dariya. Gwaggo ta yi ta hamdala, daga nan kuma ta koma faɗan cewa ita dai ta sauke wasiyya, kada wanda ya ga laifinta.

Lailatu tana bayan danga tana ji. Ba ta yi dariya ba. Uwarta ta tuna, yarinya mai goyon fari da aka ɗaure wa ƙirji tana kallon akuya tana shayar mata da ɗa, ta tafi kabari ba ta gaya wa kowa ba. Ta shigar da Umma ɗaki, ta dama mata fura, suka daɗe suna magana da Fulatanci, tsohuwa tana ba ta labarin Halima, yadda take tafiya da yadda take waƙa in tana kaɗa nono.

Tun daga ranar sunan Iliyasu ya ƙaru, ya zama Iliyasu ɗan akuya, kuma yana amsawa da fara'a. Har ya tsufa ya daina shiga rami, ba a taɓa ganin ya jefi akuya ba, ko ta shiga rumbunsa. Sai dai ya tsaya yana lallashinta ta fita, maƙwabta suna kallo ta kan danga suna cewa yana gaida dangi.

Amma abin da matan unguwa suka fi riƙewa shi ne na yammacin ranar da aka kawo Umma. Lailatu, wadda kunyarta ta sa ko sunan mijinta ba ta taɓa faɗa ba, ta fito zaure alhali maza suna zaune cike, ba ta aiki kowa ba. Ta ce su ɗan ɗaga, ta naɗe tabarmar Iliyasu da hannunta, ta saɓa ta a kafaɗa. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Baban A'i, tuwo na ciki."

Iliyasu ya tashi ya bi ta, ya bar takalmansa a zaure.