Ƙunshin Hajjo a Bayan Ƙofa

Hajjo ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun lokacin da fari ya koro ta daga Damagaram zuwa Sharada a Kano, ko tuwo take tuƙawa idonta na kan hanya. Waina take soyawa a ƙofar wani kamfanin saƙa, ma'aikatan safe su wawashe kafin a busa jiniya. Can Ɗahiru mai gyaran inji ya gan ta, aka ɗaura aure da goro da shaidu, ba wanda ya yi zancen takarda. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ce kawai tsakaninmu.

Ɗahiru ya rasu a ƙarshen 1982, ya bar ta da Asabe, ba a daɗe da yaye ta ba. Tana cikin takaba aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Har yau abin yana ba ni haushi. Wai Hajjo ce baƙuwa, matar da ta dafa wa rabin unguwarmu ruwan jego.

Gwadabe, wan marigayin, ya zo ya tsaya a zaure, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Hajjo, in an ce ki tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma yarinya jininmu ce, ba za ta ƙetare iyaka ba."

A ranar ta ɗaure wani ƙunshi ta ajiye a bayan ƙofa.

Da hantsi wata Talata sai ga motar kwasar mutane, jami'ai suna bi gida gida tare da mai unguwa. Wani matashi a cikinsu ya ɗaga murya ya ce 'yar Nijar ta fito. Mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, takaba take yi. Wa zai fitar da mai takaba daga ɗakin mijinta?" Yaron ya hango ta, kai ba kitso, ido ba kwalli, zane ya koɗe. Sai ya sassauta murya ya yi mata gaisuwa, ya ce sai ta fita za su dawo.

Kowace mace alla-alla take ta gama takaba, ban da Hajjo. Kwanakin na ƙarewa tana ramewa. Ko motar katako ta wuce sai ta suri Asabe ta goya. Ranar fitarta muka yi mata kitso da ƙyar, kai ya ƙi tsayawa, na yi ta yi mata faɗa ina tausayinta.

Ba su dawo ba. Ba kuma wanda ya zo ya ce mata ta zauna, don haka ƙunshin bai motsa ba. Ta koma wainarta. In na tsokane ta na ce ta kwance kayan nan haka, sai ta ce, "Yaya, bar shi dai."

Damina mai ƙarfi ta 1988 ce ta kwance shi. Ruwa ya shiga ɗakin, muka fitar da komai shanya. Na warware ƙunshin ina tsammanin zannuwanta ne. 'Yan riguna ne ƙanana, da majanyi, da takalmin roba da bai kai tafin hannuna ba. Nata ko ɗankwali babu.

Asabe ta ɗaga riga ɗaya ta kara a ƙirjinta tana dariya. "Inna, wannan ta wace jaririya ce?"

Hajjo ta karɓa ta matse ruwan, ta ce, "Taki ce. Gobe in Allah ya kai mu, ki kawo mini waɗanda suke yi miki yanzu."