Taubashina Ilu, Wanda Ba Shi Da Kabari

A wannan watan ne shekara takwas ke cika da kai wa jirginsu Ilu hari a Bahar Maliya. Babu wanda ya tuna a unguwarmu ta Uhudu, a nan Madina. Na buɗe shagon dabinon da nake tsarewa, na yayyafa ruwa a ƙofa, na zauna ina jiran ko wani zai ambaci sunansa. Waɗanda suka san shi duk sun watse. Wasu iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare sun koma gida, wasu sun bi aiki Jidda. Shi ya sa nake rubuto muku, ku masu karatu, domin in ba ku ba, ban san wanda zan gaya wa ba.

Sunansa Iliyasu, ɗan ƙanwar mahaifina ne. A Gumel muka tashi, gida ɗaya, kwano ɗaya. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, ban taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana", shi kuma ya ce bai taɓa ganin ubangida matsiyaci irina ba. Na riga shi zuwa Madina. Da ya biyo ni muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Jurf, yana dafa abinci a wani gidan cin abinci na 'yan Yaman. In ya dawo da yamma sai ya tube rigar aiki ya sake ɗora tukunya, wai shinkafar Larabawa ba ta riƙe cikin Bahaushe. Tuwonsa ya tara mana jama'a. Ɗakin nan ƙarami, amma ranar Juma'a har a bakin ƙofa ake zama.

Daga baya wani kamfani a Yanbu, garin bakin teku, ya ɗauke shi kuku a jirgin dakon kaya mai zuwa kudu. A lokacin ana yaƙi a can, muna jin labarinsa a rediyo kamar abin da ke faruwa a wata duniya. Na ce masa hankalina bai kwanta ba. Ya yi dariya ya ce, "Sabi'u, mu shinkafa da siminti muke ɗauka. Wa zai ɓata makaminsa a kan siminti?"

Ina cikin auna wa wata mata dabino aka kira ni a waya. Wani ne daga kamfanin, da Larabci, cikin sauri. Ya ce an kai wa jirgin hari, an ceto wasu, wasu ba a gan su ba, Iliyasu yana cikin waɗanda ba a gani ba. Na tambaye shi ko ya mutu ne. Ya ce shi bai ce haka ba, a wurinsu ɓatacce ne. Na ƙarasa auna dabinon, na ƙulle ledar, na miƙa wa matar. Har yau ina mamakin hannuna da ya iya.

Kalmar nan "ɓatacce" ita ta fi komai azabtar da mu. Matarsa Hasana tana Gumel da 'yarsu Safiya, yarinyar ko makaranta ba ta shiga ba. Kullum sai ta kira ni. Wata rana ta ce, "Yaya Sabi'u, in shiga takaba ne ko in jira? Mutane suna zuwa, ba su san ko gaisuwa za su yi ba ko jaje." Malaman gida suka ce ba a yanke wa mutum mutuwa da zato, sai an sami wanda ya gani. Gwaggo, mahaifiyarsa, ta hana kowa kuka a gidan. Ta ce ɗanta yana wani tsibiri, zai dawo.

Na roƙi mai shagon ya ba ni izini, na hau mota zuwa Yanbu. A asibiti aka nuna mini wani dattijo mai aikin inji a jirgin, Baba Adam, Bahaushen Sudan, hannuwansa biyu a naɗe da bandeji. Da na gaishe shi da Hausa ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Kai ne ubangidan da yake faɗa?" Na ce ni ne.

Ya ce da hantsi ne, ruwa kwance lumui, babu ko iska. Suka hango wani ƙaramin kwalekwale mai inji yana nufo su, irin na masunta, har wasu suka ɗaga masa hannu. Sai da ya matso suka ga babu kowa a ciki. An cika shi da abin fashewa, daga nesa ake tuƙa shi. Ya daki jirgin daidai gefen ɗakin girki. Ilu ya fito ke nan da butar shayi zai kai wa masu aikin sama.

"Na ga ya faɗa ruwa," in ji shi. "Na ga kansa ya ɗago sau ɗaya. Daga nan mai ya malale, wuta ta bi shi ta rufe wurin. Bai fito ba, ɗana. Da idona na gani, kuma zan faɗa a gaban kowane malami."

A ƙofar asibitin na kira Hasana. Ban iya kewaye-kewaye ba, na ce mata ta fara takaba. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka maka." Sai na ji ta ajiye wayar ba ta kashe ba, ina jin muryar Gwaggo daga nesa tana tambayar me aka ce.

Da na dawo Madina limamin wani ƙaramin masallaci a Jurf ya yarda ya yi masa salla. Muka jeru, mu 'yan tsiraru, babu komai a gabanmu sai darduma. Ilu yakan ce babu mai sa'a kamar wanda ajalinsa ya same shi a garin nan aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ni kuwa ga ni a gindin dutsen Uhudu, kullum ina kallon baƙi suna sauka daga motoci su tsaya su yi wa shahidai sallama, kowa ya san inda zai fuskanta. In na tashi yi wa nawa addu'a, sai dai in juya yamma, wajen da aka ce ruwan yake.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai yi wa furfurata tsiya, wannan ba shakka. Zai yi mamakin dogayen gine-ginen da suka tashi inda muke sayen gawayi. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne yadda samari ke zama a ƙofar shagona suna kallon jiragen ruwa na cin wuta a waya, su wuce zuwa ƙwallo. Ba na ganin laifinsu. Ni ma a da, haka nake jin labarin yaƙi. Amma duk jirgin da na gani yana hayaƙi, na san akwai mai dafa abinci a ciki, kuma akwai wanda za a kira a waya.

Gwaggo ta rasu. Hasana ta yi aure, na yi mata murna har zuciyata, ko da yake tun daga ranar kiran waya ya ragu. Baba Adam ya koma Sudan, lambarsa ta daina shiga. Ɗakin Jurf na bar shi, yanzu ina kwana da wasu 'yan Nijar biyu, mutanen kirki, amma babu wanda zan zaga a cikinsu ya rama yana dariya.

Me ya rage na Ilu? Kayansa sun tafi tare da jirgin. Sunansa bai fito a labarai ba, an ce dai "wasu ma'aikata". Abin da ya rage Safiya ce, da tambayoyinta. Ta zama budurwa, takan ari wayar uwarta ta kira ni, ta tambayi tsawonsa, ko yana da faɗa, wace miya ya fi so. A makon jiya ta ce, "Baba, babana ya iya ruwa?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Bai iya ba, Safiya."

Sai ta ce, "To, ashe bai jima yana shan wahala ba."

Shekara takwas ina ɗauke da wannan safiyar, ban taɓa kallonta ta nan ba sai da yarinyar nan ta nuna mini. Allah ya jiƙan Iliyasu da waɗanda suka tafi tare da shi, ya raya masa abin da ya bari.