Ɓarawon Raƙuma a Zaurena

Ni fim ɗin banza nake so, kuma tsufa ya hana ni ɓoyewa. Ba na rashin kunya nake nufi ba. Ina nufin irin wanda aka yi cikin gaggawa, wanda za ka ga mayaƙin zamanin da yana ɗaure da agogo, ko a kashe mutum a farkon faɗa, can gaba ya canza rawani ya dawo a sake kashe shi. Fim mai kyau yakan ɓoye maka masu aikinsa. Na banza kuwa kana ganin zufarsu da ƴan dabarunsu, har ka ji kamar maƙwabtanka ne.

Tuƙin babbar mota ya kai ni gidajen kallo da dama. A Abijan ihu ake yi wa jarumi, a gaya masa wanda ke laɓe bayansa. A Tarabulus shiru ake kamar zaman makoki. A Kano tafi ake. Mu a Tawa bincike muke yi, kowa ya zo ne ya kama fim da ƙarya.

Da na ajiye tuƙi na dawo gida da akwati cike da faifai, na kafa tele, wato talabijin, a zaure. Abokan kallo suka yi ta raguwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun ce girma ya hana su, har ya rage mutum guda. Makiyayi ne daga wajen Takanamat, Tamashek ne harshen gidansu, mun san juna tun gemunmu baƙi. Duk ranar kasuwa in ya gama da dabbobinsa sai ya biyo bayan azahar, ya ɗora shayi, ni kuma in sa faifai ina fassara masa. In shi ma ya daina zuwa, ni da bango za mu riƙa dariya.

Wata rana na fito masa da wanda na fi so, wanda na sayo a Tarabulus. Wani Bature ne ke ƙetare hamada a kan raƙumi zai kai magani wani gari, mutane masu baƙin rawani suna binsa. Hamadar ma duk sawun mota ne. Ina cikin fassara sai abokina ya ajiye kofi.

"Tsaya, Alhaji. Maida shi baya."

Na maida. Baturen ya shiga bayan wani tudun rairayi a kan farin amale, namiji ƙosasshe. Ya fito ta ɗaya gefen a kan jar taguwa, mace, da wata shaida daban a wuya. Na kalli fim ɗin nan ba adadi, ban taɓa lura ba.

"Ina yab baro amalen?"

Na yi dariya na ce masu fim ne, ranar da suka samu wannan su hau, ranar da suka samu wancan su hau, a wurinsu raƙumi raƙumi ne.

"Ni ban ga masu fim ba," ya ce. "Na ga mutum ya shiga da dabba guda, ya hito da wata."

Kafin a kai tsakiya Baturen ya hau raƙumi na uku, mai tsagaggen kunne. Abokina ya gyara rawaninsa har kan hanci.

"Waɗanga masu binai, mi suka cewa?"

"Sun ce a kama shi duk inda ya shiga."

"To dabbobinsu suka biɗa. Wanga mutum ɓarawo na, Alhaji, kai ko kana yi mai ado da baki."

Na san an taɓa sace masa taguwa, ya bi sawu har inda ƙasa ta yi tauri sawun ya ɓace, amma ban zaci abin yana nan ɗanye ba. Fim ya ci gaba. Baturen ya harbe masu baƙin rawani ɗaya bayan ɗaya, aka yi masa kiɗa, wata mace ta rungume shi. Abokina ya miƙe ya sa takalmi, ga shayi na uku yana tafasa a kan gawayi. Duk zamanmu bai taɓa tashi kafin na uku ba.

"Gidan da aka yi ma ɓarawo kiɗa, ban shan na ukku ciki," ya ce, ya fita.

Ranar kasuwa ta zo bai zo ba. Wata kasuwar ta sake zagayowa, shiru. Uwargida ta leƙo ta same ni zaune gaban tele a kashe.

"Malam, kai da ka iya harshen Turawa da na Larabawa, na mutum guda ya gagare ka?"

Sai na sake sa faifan ni kaɗai, na kalle shi da idon abokina. Abin mamaki, ya fi daɗi. Duk abin da da nake ɗauka sakacin masu fim ne ya sami dalili. Baturen ba ya yi wa kowa sallama, ba ya tsayawa a rijiya inda za a gane dabbar, kullum yana waige. Maganin ma ba a taɓa buɗe jakar an nuna shi ba. Kuma akwai wani wuri, kafin harbe-harben ƙarshe, inda suka kama shi suka ɗaure a jikin turke, shugabansu ya ja akalar farin amalen, wanda ya sake bayyana ba bayani, ya tafi yana dariya.

Na je kasuwar dabbobi na same shi yana duba haƙoran wani ɗan raƙumi. Na ce na sake sauraron maganar fim ɗin da kyau, ya zo ya ji. Ya ci gaba da duba haƙoran, amma bayan azahar sai ga takalminsa a ƙofar zaure.

Na sa faifai na fassara. Shugaban masu baƙin rawani ya daka tsawa da Turanci, na ce, "Ya ce, ina amalena?" Baturen ya yi dogon jawabi a kan ceton rayuka, na ce, "Ya ce wallahi aro ya yi." Abokina ya yi tsaki mai daɗi. Da aka zo wurin turke, aka ɗaure Baturen tamau, amale ya bi mai shi, sai na danna na tsayar, na kashe tele.

Ya dube ni ta saman rawani. Ba wawa ba ne.

"Waccan rana ba nan yaƙ ƙare ba."

"A gidan nan, nan yake ƙarewa."

Ya hura gawayi. Sannan ya ɗauki buta ya ɗaga ta sama, ya tsiyaya na uku har kumfa ta tashi, ya miƙo mini.

"Amale ya koma," ya ce. "Jar taguwar hwa? Ba a maida ta ba."

Na ce ban ga inda ya kai ta ba.

"Maida shi baya. Mu diba bayan tudun."